Shekarar da Kasuwa Ta Hau Tudu

Sha ɗayan dare a Kusuri,
an ɗauke wuta, sauro ya karɓi aiki,
cajin wayata saura kashi tara,
ni kuwa tun isha'i ina kan layi guda
a kundin sanin nan da muke ginawa kyauta:
wace shekara kasuwar kifin Madagaji
ta bar bakin Logon ta hau tudu?

Na rubuta hamsin da takwas.
Kafin in kurɓi ruwa Hamajoɗa na Marwa ya goge,
ya sa sittin da ɗaya,
ya kafa mini 'yar tuta a wutsiyar jimla: ina madogara?
Malamin lissafi ne, an ce.
Ban san fuskarsa ba,
na dai san waƙafinsa, na san ba ya barci.

Madogarata Iya Gaji ce mai banda,
ta ce shekarar tana goyon Modu.
Tasa rahoton wani Bature ne da Faransanci,
shafi na arba'in da biyu,
gara ta ci gefensa, ta bar masa lambar.

Na mayar. Ya mayar. Na sāke mayarwa.
Guga ɗaya, hannu biyu na ja,
ruwan na komawa rijiya.

Sai Falmata, nas mai aikin dare a Njamena,
wadda nake hango fitilun garinsu a tsallake,
ta kulle shafin kwana uku.
Ta ce, ko dala ba a biyan ɗayanku,
ku je ku kwanta.

Ran Asabar ya iso, bayan ramukan hanyar Waza.
Ƙato na zata.
Ɗan tsamurmuri na gani, tabarau ɗaure da zare,
takarda a leda kamar mai zuwa kotu.
Muka sha shayi kofi bibbiyu,
ba wanda ya ambaci lamba.

Iya Gaji na juya tarwaɗa kan waya,
hayaƙi na sa ta hawayen da ba na kuka ba.
Ta saurare mu, ta yi dariya har da tari.
Ta ce, sau biyu fa ta tashi, 'ya'yan nan.
Da fari ruwa ya kore mu, Modu na bayana,
ya janye muka komo, don kifi ba ya hawa tudu.
Na biyu jandarma ne ya zo da hatimi.
Baturenku hatimi ya gani.
Ruwa ba ya sa hannu a takarda.

Hamajoɗa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, har yanzu baki ba madogara ba ne.
Amma a hankali ya faɗa,
kamar mai ba da haƙuri.

Falmata ce ta samo mafita:
ƙawarta na aiki a gidan rediyo.
Aka naɗi muryar Iya, da tarin, da ƙarar mai na ɗiga a garwashi,
aka sa ta ran Laraba bayan labarai.
Muka ɗauki rana da sa'a muka jingina jimlarmu,
shekara biyu a layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.
A kan waƙafi kaɗai muka ƙara minti ashirin.

Na karanta mata.
Ta ce, to wa zai karanta wannan?
Na duba: mutum sha ɗaya a watan jiya.
Ban gaya mata bakwai mu ne ba.
Sauran huɗun nake tunani,
ko jikan Modu ne a Duwala,
ko wata ɗaliba da jarrabawa gobe.

Yau ma sha ɗaya, wutar ba ta dawo ba.
Saƙo ya shigo daga Marwa:
Malam Tanimu, kana ido biyu?
Wani baƙo ya ce ba tarwaɗa ake bandawa a Madagaji ba.
Tashi.